Furen Riɗi a Orozo

A watan Oktoba na shekarar 1991 tireloli ba su daina shigowa Abuja daga Ikko ba. Wasu ɗauke da kujeru da tebura, wasu da kabad na ƙarfe cike da fayil, domin an ce kafin shekarar ta fita gwamnati za ta tare gaba ɗaya. Duk ma'aikacin da ya sauka sai ya nemi sabon katin shaida, katin kuma ba ya yiwuwa sai da hoto. Wannan ne ya sa shagon Ilyasu mai hoto da ke ƙauyen Garki ba ya rabuwa da jama'a.

Ilyasu mutumin Zariya ne, shekarunsa hamsin da biyu, ya kuma zo garin tun ana saran daji. Abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba, har matarsa Rabi'atu, shi ne idonsa na dama, wanda yake leƙa kyamara da shi, ya fara yin yanar ido tun bara. Na hagu kuwa dama tun yana yaro ba shi da ƙarfi. Yana gane fuskar mutum, yana tafiya ba ya tuntuɓe, amma komai kamar ta bayan gilashin da aka shafa wa mai yake ganinsa. Sai ya yi dabara. Ya buga ƙusa a daɓe inda ƙafar kyamara za ta tsaya, ya shata layi da fenti inda kujerar mai ɗaukar hoto take, sannan ya liƙe zoben saitin kyamarar da salatif. Duk wanda ya zauna a kujerar nan hotonsa zai fita fes, ko da mai ɗauka ya rufe ido. Babur ɗinsa kuma ya jingine shi a zaure, ya koma shiga bas.

Wata Talata da hantsi wata mata ta shigo shagon riƙe da jakar hannu da ambulan. Sunanta Madam Clara, tana sashen buga takardu na ɗaya daga cikin ofisoshin da suka taso daga Ikko. A Jos ta girma, don haka Hausarta a miƙe take.

"Sannu, Oga Ilyasu. An ce mini kai ne ka fi kowane mai hoto daɗewa a garin nan."

"Haka suke faɗa, Madam. Fasfo ne?"

"A'a, kalanda za mu buga ta shekara mai zuwa. Shekararmu ta farko ke nan a Abuja, shi ya sa Darakta ya ce ba ya son hoton gini, kowa gini zai sa. Furanni yake so guda goma sha biyu, na ƙasar nan, ba irin waɗanda ake dasawa a otal ba. Kuma a matso da su sosai, har a ga gashin jikinsu. Ban da filasha, hasken rana kawai. Kana da gilashin kusa?"

Yana da shi. Ya saye shi shekara bakwai da suka wuce a hannun wani bature mai aikin hanya da zai koma gida. Ya kuma san halinsa sarai. Idan ka matsa kusa da fure da gilashin nan, abin da ke fitowa tangaran bai fi kaurin ƙwayar gero ba. Ka murɗa zoben kaɗan fiye da kima, ko ka yi numfashi, hoto ya lalace. Aiki ne na ido zalla, ba inda ƙusa da fenti za su taimaka.

Ya buɗe baki zai ce aiki ya yi masa yawa, sai ya tuna shaguna biyu da wasu samari 'yan Ikko suka buɗe a Wuse cikin watan nan, da injinsu mai wanke hoto cikin awa ɗaya. Idan ya mayar da matar nan, can za ta nufa, kuma ofishinta ba zai sake tuna sunansa ba.

"Zan yi, in Allah ya yarda," in ji shi.

Ta ba shi fim guda uku irin na silaid, wanda ake ɗaga hotonsa a haske a gani, ta ce mako biyu ne a gabansu.

Wadda ta faɗo masa a rai ita ce Angelina, wata manomiya 'yar Gbagyi da ke Orozo, wadda takan kawo wa Rabi'atu doya duk ƙarshen wata. Kowa Maman Joy yake ce mata. Ya shiga bas zuwa Nyanya, daga nan ya hau wata zuwa Orozo, ya same ta ta dawo daga rafi da ƙwarya a kafaɗa. Da ya yi mata bayani dariya ta yi.

"Fure kawai, Malam? Gomnati zai sa furen kuɓewa a bango?"

Ta kai shi gona ta nuna masa kuɓewa da kabewa da wake da riɗi, ta koma bakin aikinta. Ya yi safiya biyu yana durƙuso a cikin raɓa. Yakan murɗa zoben gaba, ya murɗa baya, ya tsaya a inda hazon ya fi raguwa, ya latsa. Da fim ɗaya ya ƙare ya ba direban motar Kaduna, domin irin wannan fim ɗin can kawai ake wanke shi. Kwana huɗu ya yi yana jira. Da akwatin ya dawo ya ɗaga silaid ɗin ɗaya bayan ɗaya yana duba su a bakin ƙofa. Ya ga ruwan ɗorawa, ya ga kore, ya ga fari. Ya ce wa kansa sun yi.

Ofishin Madam Clara ko labule ba a sa ba, kwalaye jibge har rufi. Ta jera silaid ɗin a jikin gilashin taga, ta ɗauko ɗan madubin ƙara girma tana bin su. Ba ta daɗe ba ta juyo.

"Oga Ilyasu, ka duba waɗannan kafin ka kawo?"

"Na duba, Madam."

"Babu ko ɗaya da ya fita. Kalli wannan, ganyen da ke baya ne ya fito, furen kuwa kamar hayaƙi. Wannan ma haka. Kyamararka lafiya?"

Ya karɓi madubin ya sunkuya, ya yi kamar yana gani.

"Iska ce ta yi yawa a ranar," in ji shi.

Ta karɓi madubinta ta ajiye. Sannan ta ce, "Ranar Juma'a ta sama mai buga mana zai wuce Ikko da kayan. Idan ban samu ba zuwa ranar Alhamis, dole in nemi wani. Fim biyu suka rage maka, ba ni da wani."

A hanyar gida yana ta lissafin kwanaki. Yau Juma'a. Idan ya ɗauka Asabar da Litinin, domin Lahadi Maman Joy tana coci, ya kai Kaduna da kansa Talata, zai iya dawowa Laraba da yamma. Amma da wane ido? Rabi'atu ta ajiye masa tuwo, ya yi loma uku ya ture. Ta tambaye shi ko zazzaɓi ne, ya ce gajiya ce.

Asabar ya isa Orozo rana ba ta gama fitowa ba. Maman Joy ta raka shi gonar riɗi, wannan karon ba ta tafi ba, ta tsaya a kan kunya tana kallonsa. Ya kafa ƙafar kyamara, ya durƙusa, ya kai hannu zai gyara wani fure, sai ya kama ganye.

"Malam," in ji ta, "wannan da kake nema ka taka shi tun ɗazu."

Ya janye ƙafarsa da sauri.

"Ido naka ba lafiya, ko? Ni na gani tun wancan zuwa. Na miƙa maka ruwa, ka kama iska."

Ya zauna a ƙasa, wandonsa ya jiƙe da raɓa bai damu ba. Ya yi niyyar ya musa, amma ya rasa ƙarfin yi. Ya gaya mata komai, tun daga yanar har zuwa abin da ya faru a ofis jiya. Ya ce idan labarin nan ya fita, ba wanda zai sake zama a kujerarsa, kuma shi bai iya wata sana'a ba.

Ta ajiye fartanyarta. "Me ake gani a ciki? Bari in leƙa."

"Ba abu ne mai sauƙi ba, Maman Joy."

"Ni ina tsince tsakuwa a cikin riɗi, Malam. Matsa."

Ya matsa. Ta goge hannunta a zane, ta durƙusa ta sa ido. Ta ja da baya da sauri.

"Kai! Wannan furen riɗi ne? Yana da gashi kamar akuya!"

Ya yi mata bayani a hankali. A tsakiyar abin da take gani akwai wata 'yar da'ira da aka raba biyu. Idan saiti bai yi ba, duk abin da ya ratsa da'irar zai zama kamar an karya shi, rabi nan rabi can. Ta murɗa zoben nan a hankali har rabin biyu su haɗe. Ya ɗora yatsunta a kan zoben. Da farko ta murɗa da ƙarfi kamar mai buɗe kwalba, komai ya ɓace. Ta sake, ta wuce. A karo na biyar ta ce, "Ya haɗu."

"A ina kika haɗa? Bakin furen ko cikinsa?"

"Bakin. Inda ruwa ya tsaya."

Haske kuwa ba ya buƙatar a gaya masa. Shekara talatin yana auna shi. Ya kai bayan hannunsa kusa da furen, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya gyara ƙofar shigar haske ta gilashin da yatsa yana ƙirga ƙarar da take yi. Rana tana bayan furen, gabansa ya yi duhu, sai ya sa ta ɗauko farin farantin da ta zo da ƙosai a ciki, ya jingine shi da dutse yadda zai maido da haske. Sannan ya riƙe 'yar wayar da ake latsawa.

"Idan ya tsaya cak ki ce mini yanzu."

Iska ta taso. Furen ya shiga rawa. Suka jira. Ta lafa, kafin ta yi magana ta sake tasowa. Ilyasu yana jin rana tana hawa a wuyansa, ya san nan da awa ɗaya haskenta zai yi kaifi, furannin riɗin kuma su fara zuba. Ya cire babbar rigarsa ya ɗaura hannu ɗaya a karan dawa, ya riƙe ɗayan, ya tare iskar.

"Yanzu!"

Ya latsa.

"Kin tabbata ya haɗe?"

"Na ce maka ya haɗu."

"Sake dubawa."

Ta ɗago ta dube shi. "Malam, in za ka tambaye ni sau uku kowane fure, za mu kai Kirsimeti a nan."

Kafin ƙarfe tara sun ɗauki riɗi, da wake, da kuɓewa, da kabewa wadda ƙudan zuma ya shige cikinta ya ƙi fita, kowanne sau huɗu ko biyar. A gefen gonar dawa ya hango wani abu ja-ja mai ruwan hoda ya rufe ƙasa, ya ce su je can. Ta tsaya turus.

"Ƙuduji? Abin da ke kashe mana dawa za ka kai wa gomnati ya rataye?"

"Madam ta ce na ƙasar nan take so."

"To, na ƙasar nan ne kam," in ji ta, ta durƙusa tana mita.

Lahadi ya wuni a shago ba ya iya zama wuri ɗaya. Yana tunanin ko ta fahimci abin da ya ce. Wataƙila da'irar ta haɗe a kan ganye, ita ba ta lura ba. Wataƙila da ta ɗaga kai ta taɓa kyamarar. Ba shi da hanyar sani sai an wanke, idan an wanke kuma ba sauran gyara.

Litinin suka tashi da hadari. Tun daga Karu yake leƙen sama ta tagar bas, gabas ta yi baƙi ƙirin. Da ya sauka Maman Joy ta ce gyaɗarta tana jiran cira, awa biyu kawai za ta iya ba shi. Suka yi sauri. Girgije ya rufe rana, wanda shi ya san haske ne mai kyau ga fure domin ba inuwa, amma ya yi ƙaranci, dole kyamara ta daɗe a buɗe, kuma ko motsi kaɗan ya isa ya ɓata. Suka ɗauki gauta, da barkono, da auduga, da yakuwa, da rama, da wani shuɗi da ke bin shinge wanda ita ta san sunansa da Gbagyi kawai. Daga nan ta ja shi bakin rafi inda baurairai ya hau wata bishiya, ja da rawaya, a lanƙwashe kamar harshen wuta. Yana sama da ƙirji, sai da suka ɗaga ƙafar kyamara har ƙarshe, ita kuma ta hau dutse.

"Ba na gani sosai, duhu ya yi," in ji ta.

"Nemi inda ya fi haske ki haɗa a nan."

Ɗigon farko ya sauka a hannunsa. Ya san idan ruwa ya shiga gilashin nan shi ke nan.

"Maman Joy."

"Tsaya. Tsaya. Yanzu!"

Ya latsa sau biyu, ya fizge kyamarar ya cusa cikin riga, suka ruga bukkar gona ruwa yana dukansu. A can ya naɗe fim ɗin, ya ƙulle shi cikin leda tare da ɗan'uwansa.

Talata ya tafi Kaduna da kansa. Mai wankin ya san shi tun da daɗewa, ya ce ya dawo gobe da azahar. Ya kwana a gidan wani abokinsa a Tudun Wada. Da ya koma aka miƙo masa akwatuna biyu. Ya so ya ce wa mutumin ya duba masa, har ya buɗe baki, sai ya ga wasu masu hoto biyu da ya sani tsaye a bakin kantar shagon. Ya sa akwatunan a aljihu ya fita. Duk tsawon hanyar Abuja hannunsa yana kan aljihun, yana ɗauke da abin da shi kansa bai san ko mene ne ba.

Alhamis da safe Madam Clara ta jera silaid ɗin a taga. Ta sunkuya da madubinta. Takan cire ɗaya ta ajiye dama, ta cire wani ta ajiye hagu. Ilyasu yana tsaye, yana jin ana jan kabad a ɗakin da ke kusa, bai san wane ɓangare ne na kirki ba. Tarin hagu yana ta girma. Ya fara shirya abin da zai ce.

Ta miƙe ta dafa ƙugu. "Goma sun yi. Yakuwa ta motsa, rama kuma ta yi duhu. Amma riɗin nan, Oga Ilyasu, har ɗigon ruwa ana gani a kan gashinsa. Sauran wata biyun zan raba kabewa da wake, kowanne akwai kala biyu masu kyau." Ta juyo ta dube shi sosai. "Sai dai waɗannan ba hannu ɗaya ba ne da na farko. Wa ya ɗauka?"

Zai iya cewa iska ce ta lafa. Ya ji maganar a bakinsa, ya haɗiye ta.

"Ni na auna haske, ni na latsa. Amma wadda ta saita wata manomiya ce a Orozo, sunanta Angelina. Idona ya yi yana, Madam. Waɗannan da kike yabo ni ban gan su ba."

Ta ajiye madubin. "Tun yaushe?"

"Tun bara."

"Ka je asibiti?"

"Ina tsoron su ce ba ya gyaruwa."

"Babana an yi masa a Kano, yanzu yana karanta jarida," in ji ta. Ta jawo takarda. "Faɗa mini sunan mijinta ko na babanta. Sunaye biyu zan sa a ƙasan kalandar, kuma abin da za a biya ka san yadda za ka yi da ita."

"Na sani."

Da ya isa gida Rabi'atu tana shanya a tsakar gida. Ya ce ta zo ta zauna, yana da magana. Ya faɗa mata ba tare da ya dube ta ba. Ta saurara har ya gama.

"Malam, wata nawa ina goge shayin da kake zubawa a gefen kofi? Jira nake ka faɗa da bakinka."

"Me ya hana ki tambaya?"

"Da na tambaya cewa za ka yi gajiya ce."

Gwamnati ta tare a watan Disamba kamar yadda aka ce, kalandar kuma ta fito kafin sabuwar shekara. Ilyasu ya kai wa Maman Joy guda uku tare da rabonta. A watan Janairu ya rufe shago, shi da Rabi'atu suka tafi wani asibitin ido a Kano. Likitan ya haska masa fitila, ya ce yana ce ta nuna, za a cire ta dama ranar Litinin, ta hagu kuwa sai an gani. Ilyasu ya tambaye shi sau biyu ko akwai waɗanda ake yi wa su rasa idon gaba ɗaya. Likitan ya ce akwai, amma ba su da yawa. Ya sa hannu a takardar inda Rabi'atu ta ɗora masa yatsa.

An yi aikin. Bayan kwana biyu aka cire bandeji, aka ba shi tabarau mai kauri. Idon dama ya dawo, ko da yake bai kai yadda yake a da ba, na hagu kuma likita ya ce a bar shi haka. Ya buɗe shagonsa a farkon Maris.